Amsa ga mai zuwa Fulorans da iyali: waɗanne lambuna suka cancanci kuɗinka da ƙafarka

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, kace zaka je Fulorans ta ƙasar Italiya wajen wani taro a ƙarshen watan Afrilu zuwa farkon Mayu, tare da maiɗakinka da yara da kuma Hajiya mahaifiyarka wadda gwiwa ke damunta, kuma akwai kwana biyu da suka rage maka bayan taron, kana so ka san wane lambu ko wajen shaƙatawa zaku je, sannan shin wannan Boboli da kowa ke ambata ya kai a biya kuɗi a shiga. Toh ni harkar lambu da tsara shi ita na karanta kuma a garin nayi karatun, don haka bari in baka amsa a tsanake, kayi haƙuri zata ɗan yi tsawo.

Abin da nake so ka fara riƙewa shine Boboli ba wajen shimfiɗa tabarma bane. Mutane da yawa suna shiga da tunanin zasu tarar da ciyawa shimfiɗe da furanni kala-kala yara su yi ta guje-guje manya su buɗe kular abinci, sai su tarar da hawa da gangara da tsakuwa da gumaka, su fito ransu a ɓace suna cewa an cuce su, alhali ba cuta akayi musu ba, wurin ne ba don haka aka gina shi ba. Gidan tarihi ne wanda ba rufi, an hana cin abinci a shimfiɗe, an hana ƙwallo, an hana keke, an hana tsinkar ko ganye ɗaya. In kasan haka tun daga gida zaka ji daɗinsa sosai, amsata kuma eh ce, ya cancanci kuɗin, amma ba kowa cikin tawagarka ne zai zagaye shi duka ba.

Lambun yana bayan fadar Pitti, a tsallaken kogin Arno. Eleonora ta Toledo matar Cosimo na ɗaya na gidan Medici, masu mulkin Fulorans a lokacin, ita ta sayi fadar a 1549, aka ba wani gwani Niccolò Tribolo aikin tsara tudun da ke bayanta, shi kuma bai daɗe ba ya rasu a 1550, sai Ammannati da Buontalenti suka ci gaba a kan zanen da ya bari. Girmansa ya haura hekta 30. Da ka fito ta bayan fada abin da zaka fara gani wani babban dandali ne mai siffar kofaton doki da matakalan zama a gefe, kuma asalinsa ramin fasa dutse ne, daga nan aka haƙo duwatsun da aka gina fadar, maimakon a cike ramin sai aka maida shi wajen kallon wasanni da bukukuwan aure na masu mulki. Wannan dabarar tana burge ni har yau. A tsakiyarsa akwai dogon ginshiƙin dutse na Masar na zamanin Fir'auna Ramsis na biyu, wanda ya daɗe a Rum kafin a kawo shi nan a ƙarshen ƙarni na 18, ga kuma wani ƙaton bahon dutse a gabansa da aka ɗauko daga tsohon gidan wankan Caracalla na Rum.

Furanni kaɗan ne a Boboli kuma da gangan ne. Masu tsara lambun Italiya na wancan zamanin da kore suke gini, itatuwan da basa zubar da ganye ko a hunturu, ana aske su su zama katanga da lungu da ɗaki, sai dutse, sai ruwa, sai inuwa. Kuma ruwan nan duk da kake gani yana feshi ba inji a asalinsa, ana tara shi ne a manyan matattara can saman tudu ya gangaro da nauyinsa, ya fita a wannan maɓuɓɓuga ya koma ƙasa ya sake fita a ta gaba. Tafkin da ke sama da dandalin, wanda mutum-mutumin Neptune, gunkin teku na Rumawan da, ke tsaye a tsakiyarsa riƙe da mashi mai baki uku, ado ne a ido amma aikinsa tara ruwan ban ruwa. In ka hau har ƙarshe akwai ƙaramin lambun Cavaliere a kan ganuwa, nan ne zaka samu wardi da wasu furanni a watan Mayu, kuma in ka leƙa ta bayan katanga sai kaga gonakin zaitun da gidajen ƙauye alhali mintuna kaɗan baya kana tsakiyar cunkoson birni. Wajen nan shi nafi so a duk lambun, amma matakalarsa ba ta Hajiya bace.

Ga shawarata game da ita. Kar ku shiga ta ƙofar fadar Pitti inda layi yake da hawa nan take, ku ɗau tasi zuwa ƙofar Porta Romana ko ta Annalena da ke kan titin Via Romana, wannan ɓangaren na ƙasa yafi shimfiɗuwa. Nan ne Isolotto yake, wato tafki mai ɗan tsibiri a tsakiya wanda aka fara a 1618, da maɓuɓɓugar da gwanin sassaƙa Giambologna yayi a tsakiyar tsibirin da tukwanen lemo jere a gefe, akwai benci akwai inuwa, Hajiya ta zauna da ƙaramin cikin yaran, kai da masu ƙarfin ƙafa ku hau Viottolone. Viottolone doguwar hanya ce miƙaƙƙiya mai hawa, dama da hagu dogayen itatuwan nan sirara masu tsini da Italiyawa ke kira cipresso, in ka kai sama ka juyo ka kalli ƙasa zaka gane me ake nufi da tsara lambu don ido. Tsakuwa ce a ƙasa, keken tura jariri yana wahala a kanta, goyo yafi, kuma don Allah kowa yasa takalmi mai rufi mara santsi, silifas da takalmi mai tsini su zauna a otal.

Kusa da nan akwai Limonaia, dogon ginin da akayi wajen 1778 don ajiye lemo, kuma nan nake so ka ɗan tsaya tunda shine abin da baƙi suke wucewa basu lura ba. Sanyin Fulorans yana kashe lemo in an barshi a waje, saboda haka gidan Medici suka riƙa shuka shi a manyan tukwanen jan yumɓu, irin waɗanda ake ƙonawa a garin Impruneta kudu da birnin, da kaka ta ƙare a shigar da su ɗaki, da bazara ta shigo a fito da su, kuma har gobe haka akeyi, ɗaruruwan tukwane, wasu sai da injin ɗaga kaya. Ka matsa kusa da tukunya ɗaya ka duba, zaka ga lamba rataye a jikin itacen, zaka ga an ɗora tukunyar a kan dutse don ruwa ya tsiyaye, zaka ga kututture mai kauri da gansakuka a tukunyar da bata kai faɗin tebur ba saboda duk bayan 'yan shekaru ana ciro shi a rage saiwa a canza ƙasa. Lokacin da zaku je an fara fito da su kuma suna fure, ƙamshin tun daga nesa zai tare ku. Akwai wani iri da ake kira bizzarria wanda aka gano a wani lambu a Fulorans a 1644, ɗa guda ɗaya amma wani gefensa lemun ɗaci wani gefen kuma wani irin lemo daban, launi biyu a ɓawo ɗaya. Daga wajen auren bishiya ya fito, irin auren da masu lambunmu ke yiwa mangwaro da lemo, sai dai shi tohon ya fito ne daidai mahaɗar inda naman itatuwan biyu ya cakuɗe, ya tashi da duka biyun. An ɗauka ya ɓace sai a 1980 mai kula da lambun Castello, wani lambun gidan Medici a bayan gari, Paolo Galeotti, ya sake gano shi.

Kafin ku fita ku leƙa kogon Buontalenti da ke kusa da fada, an gina shi tsakanin 1583 da 1593, kogo ne na hannu da aka manne shi da duwatsu masu kama da narkakken abu, a ciki an sassaƙa tumaki da makiyaya kamar suna fitowa daga bango. A kusurwoyinsa huɗu akwai mutum-mutumin da Michelangelo bai ƙarasa ba, na yanzu kwafi ne, na asalin an maida su gidan tarihi na Accademia a farkon ƙarni na 20. Wani lokaci ta bayan shinge kawai ake leƙawa. Kuma gara in faɗa maka tun yanzu tunda da mahaifiya da yara zaka je, gumakan lambun nan da dama tsirara suke, maza da mata, har da wani ƙaton wada zaune a kan kunkuru dab da ƙofar fita ta wajen kogon, haka sassaƙar zamanin take kuma haka zaka gani a dandalin birnin ma. Ka sani ka shirya yadda zaka bi da iyalinka, ɓangaren lemo da hanyoyin cikin itatuwa sunfi sauƙin wannan.

Ana buɗe Boboli ƙarfe 8:15 na safe, ana rufewa Litinin ta farko da ta ƙarshe a kowane wata, to kaga kwanakinka suna iya faɗawa kan ɗaya daga ciki, ka duba kalanda. 'Yan ƙasa da shekara 18 kyauta ne ko daga wace ƙasa suke amma ka riƙe fasfonsu. Lahadin farko ta wata ana shiga kyauta, sai dai jama'ar da zaka tarar ba kaɗan bace. Ka sayi tikiti a shafin gidan tarihin Uffizi na hukuma, sune ke kula da wurin, kar ka saya a shafukan 'yan tsakiya masu ninka kuɗi, kuma wajen saye ka duba wanda ya haɗa da lambun Bardini.

Bardini ƙarami ne, hekta 4, amma in kallon birni kake so yafi Boboli nesa ba kusa ba. Wani dillalin kayan tarihi Stefano Bardini ya saye shi a 1913, ya daɗe a yashe daga baya, sai a 2005 aka sake buɗe shi bayan gyara. Yana da doguwar matakala ta tsakiya da ta tsaga tudun, daga samanta kana ganin ƙubbar babban cocin da hasumiyar Palazzo Vecchio, tsohuwar fadar mulkin birnin, da jajayen rufin gidaje gaba ɗaya kamar ka miƙa hannu. Abin da ya shahara da shi rumfar glicine ce, wani fure mai yaɗo launin shunayya da yake saukowa gungu-gungu daga saman rumfa har ya kusa taɓa kan mutum, yana fure wajen tsakiyar Afrilu na kamar mako biyu, zaku iya riskar ƙarshensa. Ƙofa biyu gare shi, ta ƙasa a Via de' Bardi ta sama a Costa San Giorgio. Ku sa tasi ya kai ku ta sama, akwai rumfar shan shayi da wajen zama kusa, Hajiya zata ga komai ba tare da ta taka matakala mai yawa ba. Wanda ya shiga ta ƙasa da tsohuwa ya ɗauko wa kansa aiki.

Wannan dokar ta shafi duk lambunan tsallaken kogi, mota ta kai ka sama ƙafa ta sauko da kai. Bas mai lamba 12 ko 13 yana zuwa Piazzale Michelangelo, babban dandalin kallon birni da Giuseppe Poggi ya tsara lokacin da Fulorans ta zama babban birnin Italiya daga 1865 zuwa 1871. Tikitin bas na minti 90 ne, kuma da ka shiga ka buga shi a na'ura ko ka taɓa katin bankinka, masu duba tikiti basa jin uzurin baƙunta, tara ce kawai. A gefe ɗaya na dandalin akwai lambun wani fure da ake kira iris, kuma nan kayi sa'a ƙwarai, domin a shekara gaba ɗaya ana buɗe shi ne daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Mayu kaɗai, kyauta kuma. An kafa shi a 1954, ana gasar masu haɗa sababbin irin wannan fure daga ƙasashe daban-daban, ana shuka su a ƙarƙashin itatuwan zaitun, kuma furen nan shine jan tambarin da zaka gani a tutar birnin da jikin motocin hukuma da rigar ƙungiyar ƙwallon Fiorentina. A ɗaya gefen ta ƙasa akwai lambun wardi na 1865, shima kyauta, ɗaruruwan iri, da gumakan tagulla na wani ɗan Beljiyam Folon waɗanda yara ke so musamman wata jakar tafiya da aka huda cikinta ana hango birni ta ciki, da wani ɗan lungu irin na Japan da birnin Kyoto ya bayar a 1998. Nan an yarda ka zauna a ciyawa. Farkon Mayu wardin ya fara buɗewa, tsakiyar wata yake cika. Ku je da la'asar, rana bata faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 a lokacin, ku sauko ta unguwar San Niccolò.

Yanzu wajen da yara zasu sake. Sunansa Cascine, hekta 160 shimfiɗe a bakin Arno tsawon fiye da kilomita 3, ba hawa ko kaɗan, ba kuɗin shiga, jirgin tiram na layin T1 daga babbar tashar jirgin ƙasa zai sauke ku a ciki cikin 'yan mintuna. Gonar shanu da wajen farautar gidan Medici ce a da, daga baya aka buɗe wa jama'a a farkon ƙarni na 19, makarantar aikin gona ta jami'ar ma a cikinsa take. Nan ne mutanen gari na gaske suke zuwa, tsofaffi a benci, masu keke, iyalai 'yan Senegal da Maroko da Peru da kulolinsu ranar Lahadi, ba mai kallonku don kun shimfiɗa darduma kun buɗe abinci, kuma in lokacin sallah yayi zaka samu gindin bishiya ka tayar cikin natsuwa. Duk Talata da safe ana cin babbar kasuwa a hanyar bakin kogi, tufafi, takalma, kayan kicin, 'ya'yan itace, da araha fiye da cikin gari, ina jin wannan zai fi yiwa Hajiya da maiɗakinka daɗi fiye da gumakan Boboli, tana tashi wajen ƙarfe 2 na rana. Akwai wani ɗan dala na dutse a ciki da aka gina a 1796, rumbun ajiye ƙanƙara ne na kafin firji. Can ƙarshen wurin inda rafin Mugnone ya haɗu da Arno akwai ginin tunawa da wani matashin sarki na Kolhapur ta Indiya, Rajaram, wanda ya rasu a birnin a 1870 kan hanyarsa ta komawa gida daga Ingila, aka ƙona gawarsa a mahaɗar ruwan biyu bisa al'adarsu, yayi nisa a ƙafa sai dai da keke. Abu ɗaya, Cascine na rana ne, da duhu ya fara ku tattara ku fita, musamman wajen tashar tiram ɗin.

In kai mai son sanin tsirrai ne, ka saci awa ɗaya ka je Giardino dei Semplici kusa da dandalin San Marco. Cosimo na ɗaya ya kafa shi a watan Disamba 1545 don ɗaliban likitanci su koyi itatuwan magani, yana cikin tsofaffin lambunan bincike na duniya, na Pisa da na Padova ne kawai suka girme shi. Wajen hekta 2 ne, a shimfiɗe, akwai wani itace da aka shuka a 1720 yana nan da ransa. Ba shi da ƙawa irin ta sauran amma kowane tsiro da sunansa a allo. Kuma daga 25 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu ana baje kolin furanni da dashe a Giardino dell'Orticoltura, inda wani ƙaton ɗakin gilashi da ƙarfe na 1880 yake, ku je kallo amma kar a sayi dashe da niyyar kawowa gida, ba takardar lafiyar tsiro za'a karɓe shi a filin jirgi. Ka lura ranakun nan biyu, 25 ga Afrilu da 1 ga Mayu, hutun ƙasa ne a Italiya, ko'ina cike yake.

Batun guzuri, ku riƙe gorar ruwa, akwai famfunan sha na kyauta a gari ruwan kuma mai kyau ne. Burodin nan mai faɗi da ake cusa wa nama a shagunan kan hanya galibi naman alade ne, ka tambaya ko ka nemi na cuku da tumatir, wasu kayan fulawa ma ana sa musu kitsen alade da suke kira strutto, ka riƙe kalmar. Masallacin jama'ar Musulmi yana wajen dandalin Ciompi kusa da kasuwar Sant'Ambrogio, akwai masu sayar da abincin halal a kewayen da kuma wajen babbar tasha. Ku ɗauki rigar sanyi mara nauyi da lema, safiya da dare akwai sanyi a lokacin kuma ruwa yana saukowa ba sallama.

Da nine kai, rana ta farko zan fara da Boboli da sassafe ta Porta Romana, mu huta da rana, da la'asar bas ya kaimu sama wajen iris da wardi. Rana ta biyu Bardini da safe ta ƙofar sama, sauran yinin duka a Cascine, in Talata ce sai a juya a fara da kasuwa. In kuma Allah yasa an ɗage taron zuwa Yuli ko Agusta to lissafin ya canza, birnin a kwari yake zafi yana haura digiri 35 da gumi ga sauro mai cizo da rana tsaka, iris a rufe, glicine ya wuce, sai dai ka shiga Boboli da buɗe ƙofa ka fito kafin ƙarfe 11. In hunturu ne kuma ana rufewa tun 4:30 na yamma, lemon duk yana ɗaki. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.